Kun tafi Abijan ɗauko maraya: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaitawa

Ba a rasa gida a Tawa ko Yamai da mutuwa ta ɗauke wa ɗan'uwa a can Abijan, ɗan cin rani ko wanda ya daɗe da zama, ya bar ƙaramin yaro. Dangi su zauna, a ce wane da matarsa za su riƙe shi. Tambayoyin da ke biyo baya kullum iri ɗaya ne. Ga amsoshinsu wuri guda, a karanta kafin a sake aiko su.

Sati ɗaya ya isa mu je mu dawo da shi?

Bai isa ba. Ku yi guzurin sati shida zuwa takwas. In maigida ba zai iya barin kasuwa ba, ya dawo, uwargida ta zauna. Kada ku ga ya yi yawa: a Uganda, tun 2016, baƙon da ke son ɗaukar yaro sai ya yi shekara guda a ƙasar yana rainonsa.

Ba za mu iya aika ƙanena ya taho da shi ba?

A'a. Wadda za ta riƙa yi masa wanka da goyo ita ce za ta tafi. Yaron da ya rasa iyaye, ya fara sabawa da kawu a hanya, a sake miƙa shi ga wata a Tawa, an raba shi da mutane sau biyu ke nan.

Zan iya sa masa sunana a takarda?

A'a. Suratul Ahzab, aya ta 5, ta ce a kira su da sunan ubanninsu. Riƙo kake yi, ba haihuwa ba.

Yaron ya manne wa maƙwabciyar da ta rene shi tun rasuwar uwarsa. Ina taɓa shi sai ihu. In hana shi ganinta?

Hajiya, wannan ita ce tambayar da ba ta da amsa guda, amma fara da sanin cewa kukan nan alama ce mai kyau. Yaron da ya iya shaƙuwa da mutum ɗaya zai iya shaƙuwa da ke. Wanda ya fi tayar da hankali shi ne mai bin kowa, mai hawa cinyar duk wanda ya miƙo hannu ba tare da ya waiwaya ba.

A mafi yawan lokuta kada ki raba su farat ɗaya. Kwana uku na farko ki je gidanta ki zauna a tabarma, kada ki ɗauke shi, ki bari shi ya zo. Ita ta miƙo miki kwanon abincinsa a gabansa, ya ga ta yarda da ke. Daga nan ki karɓi aiki ɗaya-ɗaya: ciyarwa tukuna, bayan kwana biyu wanka, sannan goyon barcin rana. A sati na biyu ya riƙa wuni a masaukinku, ya koma wurinta ya kwana. In ta yarda, ta zo ta kwana wurinku dare ɗaya ko biyu kafin ya tare gaba ɗaya. Wani yaron sati biyu ya ishe shi, wani sai wata guda. In ya daina cin abinci ko ya koma fitsarin kwance, ki ja baya da mataki ɗaya, kada ki ƙara gaba.

Shekaru ma suna canza lissafin. Jariri ƙasa da wata shida ya fi sauƙin sauya hannu. Daga wajen wata takwas zuwa shekara uku nan ne wahalar take, don ya san mutanensa amma bai gane bayani ba. Ɗan shekara huɗu ko biyar kuwa a faɗa masa gaskiya da harshen da yake ji, in Julanci ne a nemo mai fassara. Kuma don Allah a daina cewa "za mu je kasuwa mu dawo" sannan a saka shi mota. Ƙaryar nan yaro ba ya manta ta, kuma ke ce zai daina yarda da ke. A yi sallama da rana, yana gani, ko da zai yi kuka.

Akwai inda wannan shawara ba ta aiki. In matar tana dukansa, ko tana tsorata shi da cewa sace shi za ku yi, ko ta mai da shi hanyar karɓar kuɗi, to a gajarta, a karɓe shi gaban shaidu da mai unguwar ƴan Nijar na wurin. Amma ki bincika da kyau kafin ki yanke mata wannan hukunci. Sau da yawa baƙin cikin rabuwa ne kawai, ita ma ɗa za ta rasa. Ki roƙe ta zanen goyonsa ba a wanke ba, don ya riƙa jin ƙanshin da ya saba. Kiranta a waya bayan kun koma yana kwantar wa wasu yara hankali, wasu kuma yana tayar musu. A gwada da safe, ba dab da barci ba, a duba yadda ya wuni.

Ta yaya zan san ya fara sabawa?

In ya faɗi ya nufo ki. In baƙo ya shigo ya ɓuya bayanki.

Waɗanne takardu?

Takardar haihuwarsa, in ba a yi ba a kan lokaci, sai kotu ta ba da wadda ake kira jugement supplétif, kuma ita ce ta fi cin lokaci, don haka da ita za a fara ranar da kuka sauka. Sai takardar mutuwar iyaye, rubutaccen zaman dangi da sa hannun ɓangaren uwa da na uba, da hukuncin alƙali da ya ba ku riƙo. In uwa ko uba na raye, yardarsa a rubuce, hukuma ta buga hatimi. Da waɗannan za ku je ofishin jakadancin Nijar neman takardar tafiyarsa. A duba harufan suna a kowace takarda: Aboubacar a nan, Boubacar a can, ya isa a tsayar da ku a iyaka. Yaro ba takarda a hannun wanda ba ubansa ba, jandarma fataucin yara zai ɗauka, kuma yana da gaskiya. Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ranar 29 ga Janairu 2025, saboda haka a tambayi abin da ake nema yanzu, kada a dogara da labarin wanda ya yi tafiyar shekaru biyar da suka wuce.

In ba ɗan dangi ba ne, daga gidan marayu muke so?

Wannan wata hanya ce daban, ta hukuma zuwa hukuma. Nijar ta shiga yarjejeniyar Hague ta 1993 kan ɗaukar yara tsakanin ƙasashe a 2021, Kwaddibuwa tun 2015. Duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi ya samo muku yaro, ku guje shi.

Ya ƙi fura da tuwo.

Acheke, wato tsakin rogo da ake turarawa, da soyayyar ayaba ya sani. Ku ba shi abin da ya saba, ku sayi busasshen acheke ku taho da shi, tuwo ya shigo a hankali. In yana ɓoye burodi cikin riga kada a kunyata shi, yunwa ya taɓa sha. Jariri mai shan madarar gwangwani: cokalin cikin gwangwanin ɗaya a kan mililita 30 na tafasasshen ruwa, ruwa a fara zubawa, abin da ya rage bayan awa biyu a zubar. Tsinka madara don ta daɗe tamowa take kawowa.

Sai mun kai shi likita ko da lafiyarsa lau?

E, a satin farko. A duba katin rigakafi a cike giɓi, a yi ta shawara in ya kai wata tara don za a nemi katinta a hanya. A gwada jini: maleriya, sikila, ciwon hanta, da ƙanjamau musamman in ba a san abin da ya kashe uwar ba. A auna damtse; ƙasa da santimita 11.5 ga ɗan wata 6 zuwa 59 tamowa ce mai tsanani, ba a tafiya da shi sai an yi magani.

In na shayar da shi ya zama muharramina?

In bai wuce shekara biyu ba, e. A mazhabar Malikiyya ko sau ɗaya nono ya kai ciki ya isa. A sanar da dangi saboda aure nan gaba.

Sati uku ke nan, ban ji son shi kamar na ƴaƴana ba. Laifi ne?

Ba laifi ba ne, baiwar Allah, kuma ba ke kaɗai ba ce. Kina baƙuwar ƙasa, ba barci, ga makoki. Ki ci gaba da wanka da goyo da ciyarwa, so yana zuwa daga baya. In kuka da rashin cin abinci sun kama ki ke kanki har sati biyu, ki faɗa wa likita.

Mun iso gida, dangi na son ganinsa.

Su gan shi a hannunki. Wata guda na farko ke da maigida kaɗai za ku ciyar da shi ku kwantar da shi, ba a kai shi kwana gidan kaka. Kada a kira shi "maraya" a gabansa. In kun iso a watan Afrilu ko Mayu, ɗan bakin teku bai san zafin Adar, yankin Tawa, ba, a riƙa ba shi ruwa tun bai tambaya ba. Abin da ubansa ya bari kuma, shago ne ko kuɗi, a rubuta shi gaban shaidu biyu tun kuna Abijan, a ajiye masa daban da naku har ya girma.