Makarantar Firamare ta Pantglas

Makarantar Firamare ta Pantglas tsohuwar makaranta ce a Aberfan, ƙauyen masu haƙar kwal da ke kusa da Merthyr Tydfil a kudancin Wales, ƙasar Birtaniya. An fi saninta da bala'in ranar 21 ga Oktoba 1966, lokacin da tsibin tarkacen kwal ya zaftaro daga kan tudu ya binne ta.

Asali

Aberfan ya bunƙasa ne albarkacin mahaƙar Merthyr Vale, wadda aka fara tona raminta a 1869, ta soma fitar da kwal wajen 1875. Ana danganta ginin makarantar da ƙarshen ƙarni na 19 ko farkon na 20, zamanin da ƙauyen ya cika da iyalan ma'aikata. Tana kan titin Moy, a gindin tudu, kusa da makarantar manyan yara.

Tsibi na bakwai

Duk ƙasa da duwatsun da aka fitar daga rami, a gangaren tudun da ke saman ƙauyen ake jibge su, har suka zama tsibi bakwai. Na bakwai, wanda aka fara zubawa a 1958, ya kai tsayin mita 34, kuma wani ɓangarensa a kan maɓuɓɓugan ruwa yake zaune. Ba ɓoyayyen abu ba ne: maɓuɓɓugan suna cikin taswira tun da daɗewa. Tsibi na huɗu ya zame a 1944, shi kansa na bakwan ya motsa a 1963. A shekarar ce jami'an ƙaramar hukuma suka rubuta wa Hukumar Kwal ta Ƙasa, mai mahaƙar tun 1947, suna kokawa da haɗarin taɓon da ake zubarwa a bayan makarantun Pantglas. Aka ci gaba da zubawa.

Ranar bala'in

Juma'a ce, ranar da za a tashi hutun tsakiyar zango. An yi makonni ana tafka ruwan sama, hazo kuma ya rufe kwarin da safiyar. Wajen ƙarfe 9:15, yara sun shiga aji ke nan, tsibin da ya sha ruwa ya kwance, ya gangaro kamar kunu. Ya share gidajen gona biyu, ya afka wa makarantar, ya rushe gidaje 18 a kewayenta. Manyan bututan ruwa da suka fashe suka ƙara dagula al'amari.

Iyaye da maƙwabta suka yi ta tono da hannu, masu haƙar kwal suka fito daga rami suka kama aikin. Bayan ƙarfe 11 ba a sake ciro kowa da rai ba. Mutum 144 suka rasu, yara 116 da manya 28. Daga cikinsu yara 109 da malamai 5 a cikin makarantar suka mutu, yawancin yaran 'yan shekara 7 zuwa 10. An yi jana'izar mafi yawansu tare a maƙabartar Bryntaf ranar 27 ga wata. Sarauniya Elizabeth ta biyu ta zo ta'aziyya kwana takwas bayan bala'in.

Bincike da diyya

Kwamitin bincike ƙarƙashin Mai shari'a Edmund Davies ya zauna kwana 76, ya saurari shaidu 136. Rahotonsa na Agusta 1967 ya ɗora alhakin a kan Hukumar Kwal, ya yi watsi da iƙirarin shugabanta, Lord Robens, cewa ba wanda ya san da ruwa a ƙarƙashin tsibin. Duk da haka ba a gurfanar da kowa ba, ba a kori kowa daga aiki ba. Hukumar ta biya fam 500 a kan kowane yaro.

Asusun agaji ya tara kusan fam miliyan 1.75. Gwamnati ta matsa aka cire fam 150,000 daga ciki don kwashe duk tsibin da suka rage a saman ƙauyen, matakin da ya jawo suka mai zafi. Sai 1997 aka mayar da kuɗin. A 1969 majalisar dokokin Birtaniya ta kafa doka kan kula da irin wannan tarkace.

Wurin a yau

An rushe abin da ya rage na ginin, aka mayar da filin lambun tunawa da mamatan. Mahaƙar ta rufe a 1989.