Mata sun cika azuzuwan likitanci, me ya hana su kujerun shugabanci? Tambayoyi da amsoshi

A ƙasashe da dama yau, rabin ɗaliban da ke karatun likita mata ne, wani wurin ma sun fi rabi. A fannin jinya da ungozomanci kuwa su ne kusan kowa da kowa. Amma idan shugabannin sassa suka zauna taro da shugaban tsangaya, kujerun da mata ke kai ƙidayuwa suke da yatsun hannu ɗaya. Ga wasu tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin.

Wane shugabanci ake nufi?

Kwalejin likitanci aiki uku take yi lokaci guda: koyar da ɗalibai, bincike, da duba marasa lafiya a asibitin koyarwa. Masu riƙe da ragamar waɗannan ayyuka su ne shugabannin sassa kamar na tiyata, na yara da na haihuwa, sai shugaban tsangaya, shugaban asibitin koyarwa, daraktocin cibiyoyin bincike, editocin manyan mujallun likitanci, da kwamitocin da ke raba kuɗin bincike. Su ke cewa wa za a ɗauka aiki, wa za a ƙara wa girma, wa zai samu ɗakin gwaje-gwaje, kuma wace cuta ce ta cancanci a kashe mata kuɗi. Haka tsarin yake a makarantun haɗa magunguna, haƙori, jinya da lafiyar al'umma.

Giɓin ya kai yadda ake faɗa?

Ya kai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton da ya nuna mata ne kusan kashi 70 cikin 100 na ma'aikatan lafiya da na jin daɗin jama'a a duniya, amma kusan kashi 25 kacal na manyan muƙamai ke hannunsu.

Amurka na ajiye alƙaluma dalla-dalla, shi ya sa ake yawan misali da ita. A 2017 mata suka fi maza yawa a karon farko cikin sababbin ɗaliban likitanci a can. Ƙidayar ƙungiyar kwalejojin likitanci ta ƙasar ta 2018 zuwa 2019 ta nuna mata ne kashi 41 na malamai, kashi 25 na cikakkun farfesoshi, kashi 18 na shugabannin sassa, kashi 18 na shugabannin tsangayoyi. An ɗan samu ƙari daga baya, amma siffar ba ta sauya ba: duk matakin da aka haura, sai yawan mata ya ragu.

Ba lokaci ne kawai ba? Tunda mata sun cika aji yanzu, ai nan da shekara ashirin su ne farfesoshi.

Wannan ita ce amsar da ta fi kwantar wa shugabanni da hankali, domin ba ta buƙatar kowa ya yi komai. An kuwa gwada ta. A 2020 wata babbar mujallar likitanci ta Amurka ta buga binciken da ya bi sawun likitoci sama da rabin miliyan da suka kammala karatu daga 1979 zuwa 2013. An kwatanta mace da namijin da suka gama shekara ɗaya, aka ga macen ba ta kai shi samun farfesanci ko shugabancin sashe ba. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne waɗanda suka gama daga baya-bayan nan ba su fi na farko sa'a ba. Shekara talatin da biyar, giɓin yana nan.

Kuma ba jiya mata suka shigo sana'ar ba. Elizabeth Blackwell ta karɓi digirin likita a 1849. Ann Preston ta zama shugabar kwalejin likitanci ta mata a birnin Filadelfiya na Amurka a 1866. Da jira na magance matsalar, da an daɗe da wuce wurin.

To a ina matan ke maƙalewa?

Ba wuri ɗaya ba ne, kuma nan ne ya kamata a tsaya da kyau.

Farko dai a duba abin da kwamitin ƙarin girma ke ƙirgawa: yawan maƙalun da aka buga, kuɗin binciken da mutum ya jawo, da gayyatar gabatar da lacca a manyan taruka. Shekarun da ake tara waɗannan, daga talatin zuwa arba'in da ɗoriya, su ne shekarun haihuwa da raino. Wani bincike na 2014 a kan matasan likitoci masu bincike a Amurka, waɗanda duk sun riga sun ci tallafin gwamnati mai wuyar samu, ya gano cewa cikin masu aure da 'ya'ya, matan na yin aikin gida na awa takwas da rabi a mako fiye da mazan. Kwana guda na aiki ke nan kowane mako, wanda abokin aikinta ke zubawa a rubutu.

Sai aikin da ba a ƙirgawa. Duba jarrabawa, kula da ɗalibin da ya shiga damuwa, rubuta bayanan taro, zama a kwamitin tsara manhaja. Dole wani ya yi su, kuma sau da yawa mace ake miƙa wa, wai ta fi haƙuri. A gode mata a taro, ranar tantancewa kuma a tambaye ta ina maƙalunta.

Sai kuma yadda ake auna mutum. A Kanada abin ya fito fili ba tare da an shirya ba. A 2014 hukumar da ke ba da kuɗin binciken lafiya ta raba shirinta gida biyu: a ɗaya ana auna aikin da aka gabatar, a ɗayan ana fi auna mai neman kansa. Da aka bi takardun neman tallafi kusan 24,000, sai aka ga inda ake duba aikin, bambancin nasarar maza da mata bai kai kashi 1 ba. Inda ake duba mutumin, ya kai kashi 4. Matan dai su ne, ƙwaƙwalwarsu ita ce, tambayar da aka yi wa alƙalan ce ta sauya. Wani nazari na 2003 a kan wasiƙun shaida sama da 300 na masu neman aikin koyarwa a likitanci ya nuna na mata sun fi gajarta, sun fi ɗaukar kalaman da ke jefa shakka, kuma an fi yabon koyarwarsu, alhali na maza bincikensu ake yabo.

Har kiran suna bai tsira ba. An saurari yadda ake gabatar da masu lacca a wani babban asibitin koyarwa: idan namiji zai gabatar da namiji, yakan kira shi da muƙaminsa na likita a kashi 72 na lokuta, idan mace ce kuma kashi 49. Ƙaramin abu ne, sai dai ɗalibai na zaune suna ji.

Na ƙarshe, wanda aka fi ƙin tayarwa: cin zarafi. Rahoton manyan cibiyoyin kimiyya na Amurka na 2018 ya nuna sama da kashi 40 na ɗaliban likitanci mata da aka tambaya sun fuskanci wani nau'insa daga malamai ko ma'aikata. Wadda ta bar sashen tiyata saboda haka ba za ta fito a alƙaluman masu neman shugabanci ba.

Wasu na cewa matan ne ba sa so.

Akwai waɗanda ba sa so, kamar yadda akwai maza da ba sa so, kuma babu laifi. Amma ruwa ba ya tsami banza. Idan taron yanke shawara sai bayan magariba ake yi, idan muƙamin ba a tallata shi sai dai a ji an naɗa, idan wadda ta taɓa riƙewa an ga wahalar da ta sha, ƙin nema lissafi ne mai kyau. Tambayar da ta fi amfani ita ce: an ma tambaye ta?

Me ya shafi mara lafiya da wanda ke zaune a ofishin shugaba?

Ya shafe shi, ko ma a ce ya shafe ta. A 1977 hukumar magunguna ta Amurka ta ba da shawarar a cire matan da ke shekarun haihuwa daga matakan farko na gwajin magani. Shekara da shekaru ana gwaji a jikin maza ana ba mata sakamakon. A 1991 Bernadine Healy, likitar zuciya, ta zama mace ta farko da ta shugabanci NIH, babbar hukumar binciken lafiya ta ƙasar, kuma a shekarar ta ƙaddamar da gagarumin bincike a kan lafiyar matan da suka daina al'ada, wanda mata sama da 160,000 suka shiga. Shi ne a 2002 ya nuna cewa wani haɗin maganin sinadaran jiki da ake ba miliyoyin mata yana ƙara haɗarin kansar mama da shanyewar ɓarin jiki. A 1993 kuma doka ta wajabta sa mata a gwaje-gwajen da hukumar ke biya. Sai a 2013 aka rage rabin ƙwayar maganin barci na zolpidem da ake ba mata, bayan an tabbatar jikinsu na jinkirin fitar da shi.

Ba a ce kowace shugaba za ta tuna da mata ba, ko kowane namiji zai manta. Amma wanda ke zaune a teburin raba kuɗi yana da tasiri a kan tambayar da za a yi.

Shirye-shiryen horar da mata shugabanci suna aiki?

Mafi shahara shi ne ELAM, shirin horar da mata malaman likitanci shugabanci, wanda aka kafa a 1995, kuma yake Jami'ar Drexel a Filadelfiya, magajiyar kwalejin nan da Ann Preston ta shugabanta. Shekara guda ake yi ba tare da barin aiki ba. Ana koyar da karanta kasafin kuɗi, ciniki a kan albashi da kayan aiki, da tafiyar da rikici, sannan kowace ta ɗauki wani aiki na gaske ta aiwatar a makarantarta. Sama da mata dubu sun yi shi, kuma da yawa daga shugabannin tsangayoyi mata a Amurka sun bi ta nan.

A ganina amfaninsa mafi girma shi ne dole shugaban makaranta ya miƙa sunan mace da kansa, ya biya, ya kuma bibiyi aikinta. Ta haka ta samu mai tsaya mata. Masu ba mata shawara sun yi yawa. Wanda zai ambaci sunanta a ɗakin da ba ta nan, ya ce a ba ta, shi ne ya yi ƙaranci. Sai dai a yi hattara da alƙaluman nasarar irin waɗannan shirye-shirye, domin zaɓaɓɓu ake turawa tun farko. Kuma horo ba ya taɓa kwamitin da zai yi naɗin.

To me ke taɓa shi?

Kuɗi. A Birtaniya an kafa tsarin Athena SWAN a 2005 don auna jami'o'i a kan ci gaban mata a kimiyya, aka yi ta tafiyar hawainiya. A 2011 Sally Davies, babbar jami'ar lafiya ta gwamnatin Ingila a lokacin, ta sanar cewa makarantar likitancin da ba ta da lambar yabo ta azurfa da tsarin ke bayarwa kada ta sa ran shiga jerin masu neman manyan kuɗin cibiyoyin bincike. Nan da nan makarantu suka fara ƙirga matansu mataki-mataki. Ƙorafin da ya biyo baya shi ne tarin takardun neman lambar a kan matan ya faɗa. An cire sharaɗin a 2020.

Wa'adi ma yana taɓa shi. Inda shugaban sashe ke zama shekara ashirin, ko mata ɗari sun shirya babu kujera. Haka tallata muƙami a fili, da rubuta abin da ake nema kafin a ga sunayen masu nema, da sa wa koyarwa da aikin asibiti maki a takardar ƙarin girma. A Jami'ar Wisconsin ta Amurka an raba sassa 92 ta hanyar ƙuri'a, rabi aka yi musu bitar awa biyu da rabi a kan son zuciyar da mutum bai san yana da shi ba. A sassan da aka yi wa, rabon mata cikin sababbin malamai ya tashi daga kashi 32 zuwa 47, a sauran bai motsa ba.

Kyakkyawar niyya kuma na iya juyewa. Jami'o'i da yawa na ƙara wa duk wanda ya samu haihuwa shekara guda kafin a tantance shi, mace ko namiji. Da aka duba manyan sassan tattalin arziki a Amurka, sai aka tarar maza ne suka ci moriyar, domin sun yi rubutu da shekarar, matan kuwa jego da raino suka yi da ita.

Wannan ba zai kashe cancanta ba?

A 2018 Jami'ar Likitanci ta Tokyo ta amsa cewa ta yi shekaru tana rage makin mata a jarrabawar shiga, da hujjar za su bar aiki idan sun haihu. Duk tsawon lokacin nan, sunan abin da ake yi zaɓen cancanta. Mai kishin cancanta shi ya fi kowa dacewa ya nemi a buɗe ma'aunin a gani.

Idan an naɗa mace, an gama ke nan?

A 2005 masu bincike biyu a Jami'ar Exeter, Michelle Ryan da Alexander Haslam, sun nuna cewa manyan kamfanonin Birtaniya sun fi naɗa mata a hukumar gudanarwa bayan kamfani ya shiga matsala. Ana ganin irin haka a jami'a: sashen da bashi ya ci, ko rikici ya raba, shi ake tunawa da mace, idan ya ƙi gyaruwa a ce ai an gwada. Akwai kuma muƙaman mataimakiya mai kula da ɗalibai ko walwalar ma'aikata, masu suna babba amma babu kasafi, waɗanda ba kasafai suke kai mutum kujerar sama ba.

Wadda aka yi wa tayi, ya kamata ta tambayi abubuwa kafin ta amsa: nawa ne kasafin kuma wa ke sa hannu, mutum nawa za ta iya ɗauka, awa nawa za a rage mata na asibiti da aji, me ya fitar da wanda ya riƙe kafin ita, kuma nawa aka biya shi. Ta nemi amsoshin a rubuce.