Almanak, Da Yadda Mawaƙan Titin Ingila Suka Riƙa Yi Masa Ba'a

Almanak ɗan littafi ne da ake bugawa duk shekara, ɗauke da kalanda, ranakun cin kasuwa, tsayuwar wata, husufi da hasashen yanayi. Har yau ana buga irinsa. A Ingila ta ƙarni na 17 kuwa, masu duban taurari ne ke rubuta shi, su faɗi lokacin annoba da yaƙi, har da ranar da ta dace a yi tsaga a zubar da jini. A 1603 aka ba ƙungiyar masu buga littattafai ta Landan ikon buga shi ita kaɗai. Ba kuma da wasa aka ɗauki masu duban ba: bayan babbar gobarar Landan ta 1666, sai da kwamitin majalisa ya kira mai duban taurari William Lilly ya yi bayani, don ana cewa ya hango ta.

A nan mawaƙan titi suka samu abin yi. Waƙarsu takarda ɗaya ce, an buga gefe guda, da ɗan hoto a sama, kwabo ɗaya ko ƙasa da haka. Mai talla ya tsaya bakin kasuwa ko ƙofar mashaya ya rera ta da karin da kowa ya sani. Sai ya ari muryar mai duba, ya ambaci taurari da girmamawa, sannan ya bayyana "sirrin" shekara: za a yi sanyi da hunturu, mashayi zai kwana aljihu wayam, lauya zai ƙoshi da kuɗin masu ƙara, miji da mata za su saɓa. A ganina wannan raha ta fi doguwar muhawara tasiri, domin ta nuna wa talaka cewa maganar da ta dace da kowa ba ta buƙatar tauraro.

Salon ya wuce titi. A 1708 marubuci Jonathan Swift, da sunan aro, ya yi hasashen cewa mai almanak John Partridge zai mutu ranar 29 ga Maris, daga baya ya sanar cewa ya mutu. Partridge ya fito yana rantsuwa yana raye, mutane na ta dariya.

Da yawa daga takardun waƙoƙin nan sun lalace, amma Samuel Pepys, wani jami'in gwamnati na wancan zamani, ya tara waƙoƙin titi sama da 1,800, suna ajiye a Kwalejin Magdalene da ke Kambirij.