Na'urar Aika Awo da Lambobin Morse

Na'urar aika awo da lambobin Morse ƙaramin haɗin lantarki ne da ke auna zafi ko ƙarfin batir, ya mai da sakamakon zuwa gajeru da dogayen sautuka, ya tura ta rediyo. Tana maye gurbin hannun mutumin da ke danna maɓallin telegiraf.

Dabarar tsohuwa ce. Tauraron ɗan'adam OSCAR 1, wanda masu sha'awar rediyo suka ƙera aka harba a 1961, ya riƙa maimaita "HI" ne da Morse, kuma daga saurin maimaitawar aka riƙa gane zafin cikinsa.

Ƙwaƙwalwar na'urar yawanci allon Arduino Uno ne, wato ƙaramin allon lantarki mai ɗauke da 'yar kwamfuta ATmega328P. Yana karanta lantarki daga sifili zuwa volt 5 a matsayin lamba daga 0 zuwa 1023. Ma'aunin zafi LM35 kuwa yana ba da milivolt 10 kan kowane digiri, don haka kowane mataki na lambar kusan rabin digiri ne. Batir mai volt 12 ya fi ƙarfin allon, sai an rage shi da resista biyu, wato 'yan kayan da ke rage ƙarfin lantarki. Daga nan transista ɗaya, wato ƙaramin makunnin lantarki irin 2N2222, ke kunna na'urar watsawa yana kashewa.

Aikin duka yana kan lokaci. Ɗigo, wato gajeren sauti, awon lokaci ɗaya ne, ja kuwa, wato dogon sauti, awo uku. Tazarar da ke tsakanin haruffa awo uku ce, ta tsakanin kalmomi awo bakwai. Ana samun tsawon ɗigo da raba 1200 da adadin kalmomi a minti, wato a gudun kalma 12 ɗigo milisakan 100 ne. Kowace lamba alama biyar take ci, shi ya sa wasu ke taƙaita 0 da T, 9 da N. Morse ba shi da ɓ, ɗ da ƙ, amma saƙon awo bai cika bukatarsu ba.

Hanyar ba ta da sauri, sai dai zafin rumbu ko cajin batirin famfon sola a lambunan Jiratawa, kusa da Maradi, ba sa canzawa cikin daƙiƙa. Kuma kunne kaɗai ya isa a fassara saƙon, ko da sigina ta yi rauni. A Maradi abin kula shi ne zafin Afrilu da Mayu, mai haura digiri 40, da ƙurar hunturu: akwatin na son inuwa da rufi mai kyau.

Watsawa a mitocin masu sha'awar rediyo sai da lasisi. A Nijar hukumar ARCEP ke kula da mitoci, alamar kira kuma, wato sunan da ake ba kowace tashar watsawa a ƙasar, da 5U take farawa.