Lokaci ya ƙare, an ci tacdawun: shin dole ne a yi bugun ƙarin maki?

Mene ne wannan bugun ƙarin makin?

A ƙwallon Amurka, ɗan wasa idan ya shiga gidan abokan hamayya da ƙwallo a hannu, an ci tacdawun ke nan, maki 6. Daga nan sai a ba ƙungiyarsa dama ɗaya: ko ta buga ƙwallon ta bi tsakanin sanduna ta samu maki 1, ko ta sake kutsawa cikin gidan daga nisan yadi 2 ta samu maki 2. Agogo ba ya tafiya a lokacin wannan damar, shi ya sa ake iya yin ta ko da lokaci ya cika.

To idan tacdawun ɗin ne ya rufe wasa fa?

A NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, tun 2018, idan lokaci ya ƙare ana cikin harin da aka ci tacdawun, kuma ƙarin makin ba zai sauya wanda ya yi nasara ba, ba a yin sa. Alƙalin wasa ya tashi wasa, kowa ya kama gabansa. Amma idan makin zai kawo kunnen doki ko nasara, dole a buga. A ƙarin lokaci kuwa, tun da daɗewa tacdawun ɗin da ya yanke wasa ba ya buƙatar komai a bayansa.

Me ya jawo aka sauya dokar?

Ranar 14 ga Janairun 2018, Minnesota Vikings na bayan New Orleans Saints da maki ɗaya, saura daƙiƙa 10. Case Keenum na Vikings ya jefa wa abokin wasansa Stefon Diggs ƙwallo, ya ruga da ita har gida, yadi 61. Sakamako ya koma 29 da 24. Fili ya cika da 'yan jarida, 'yan Saints sun shige ɗakin canja kaya da baƙin cikinsu. Sai alƙalai suka ce doka ba ta yarda a tashi ba. Aka je aka kirawo waɗanda aka doke su dawo su jeru, don kawai Keenum ya karɓi ƙwallo ya durƙusa, wato ya kashe damar ba tare da neman maki ba. Ni dai abin ya taɓa min zuciya. Mutumin da aka fitar daga gasa a daƙiƙar ƙarshe bai cancanci a sake fito da shi gaban dubban masu murna ba. An taɓa yi wa Green Bay Packers haka a Seattle a 2012. A watan Maris na 2018 masu ƙungiyoyi suka soke tilascin.

Da can mene ne hujjar tilastawa?

Yawan maki yana cikin abubuwan da ake dubawa idan ƙungiyoyi suka yi daidai a teburi. Sai dai yana can ƙasan jerin, da wuya a kai gare shi.

Idan tazarar maki ɗaya ce tak, ba a tauye wa masu tsaro, wato ƙungiyar da aka ci, haƙƙi ba?

Tambayar tana da tushe, domin tun 2015 masu tsaro na iya ƙwace ƙwallon a wannan damar su kai ta ɗaya gidan su ci maki 2. A Disambar 2018 Miami Dolphins ta doke New England Patriots 34 da 33 da tacdawun bayan lokaci ya cika, ba a kuma yi bugun ba. Ina ganin daidai aka yi. Da an tilasta wa Miami, durƙusawa kawai za ta yi, Patriots ba za su ko taɓa ƙwallon ba.