Raunin XSS a manhajojin yanar gizo

XSS, taƙaitaccen sunan cross-site scripting, rauni ne da ke ba ɗan kutse damar cusa umarninsa, galibi na JavaScript (harshen umarni da burauza ke aiwatarwa), cikin shafin da jama'a suka amince da shi. Injiniyoyin tsaro na Microsoft ne suka raɗa masa wannan suna a shekarar 2000. Tushen matsalar ɗaya ne: burauza ba ta san bambancin rubutun mai shafi da na baƙo ba. Duk umarnin da ta tarar a shafi, aiwatarwa take yi da cikakken ikon shafin. Ta haka ake sace kukis (ƙananan bayanan da shafi ke ajiyewa a burauza) da ke shaida shigar mutum, ko a aika saƙo da sunansa, ko a kafa masa gurbin kalmar sirri na bogi.

Iri uku aka fi sani. Akwai ajiyayye, wanda ke kwanciya a rumbun bayanai yana jiran duk mai buɗe shafin, kuma shi ya fi ɓarna. Akwai mai dawowa, wanda ake ɓoyewa cikin adireshi a yaudari mutum ya latsa. Na uku a cikin burauza kaɗai yake faruwa, ana danganta shi da DOM, wato tsarin shafi da burauza ke ginawa, wanda JavaScript ke iya sauyawa.

A watan Oktoban 2005, Samy Kamkar ya saka irin na farko a shafinsa na dandalin sada zumunta na MySpace. Duk wanda ya leƙa sai ya tura masa neman abota ba da saninsa ba, umarnin kuma ya kwafi kansa zuwa shafin mai leƙawar. Cikin kimanin awa 20 ya kama sama da mutum miliyan 1. Abin lura, a lokacin MySpace na da matattara da ke hana kalmar "javascript". Sai Samy ya karya kalmar gida biyu a layi biyu: matattarar ba ta gane ta ba, burauza kuwa ta haɗa ta aiwatar.

Shi ya sa masana ba sa dogaro da jerin haramtattun kalmomi. Gyaran gaske a wurin fitar da rubutu yake: a sauya alamar < ta koma < kafin ta hau shafi, sai burauza ta nuna ta a matsayin harafi kawai. Sauyin ya danganta da inda rubutun zai zauna, domin na cikin HTML (harshen da ake tsara shafi da shi) daban yake da na cikin adireshi ko JavaScript, kuma a nan ne masu gina manhaja suka fi tuntuɓe. A JavaScript, a yi amfani da textContent, mai saka rubutu zalla, maimakon innerHTML, mai ɗaukar rubutu a matsayin HTML. React, wata manhajar gina shafuka, na yin sauyin da kanta, sai dai in an kira dangerouslySetInnerHTML, sunan da shi kansa gargaɗi ne. In dole ne a karɓi HTML daga jama'a, a tace shi da DOMPurify, manhajar da ke cire umarni masu haɗari.

Tsarin CSP (Content Security Policy), ƙa'idar da shafi ke gindaya wa burauza, na ƙayyade inda umarni zai iya fitowa. Alamar HttpOnly da ake saka wa kukis kuma na hana JavaScript karanta kukis, amma ba ta hana ɗan kutse aiki da sunan mutum muddin shafin na buɗe.