Waiwaye: Wasiyyar Robert Keayne da rigimar ƙazamar riba a Boston

A shekarar 1653 wani attajiri a garin Boston, a yankin Massachusetts na Amurka ta yau, ya zauna rubuta wasiyya. Ya fara a watan Agusta, bai ajiye alƙalami ba sai Disamba, kuma abin da ya bari ya kai kalmomi kusan 50,000 a shafi 158. Rabon dukiya ɗan kaɗan ne a ciki. Mafi yawan rubutun ƙoƙarin wanke kansa ne daga wani hukunci da aka yi masa shekara 14 kafin nan.

Sunansa Robert Keayne, ɗan mahauci, haifaffen Windsor ta ƙasar Ingila a 1595. Ya koyi sana'a a Landan, ya shiga ƙungiyar teloli da 'yan kasuwar tufafi, sannan a 1635 ya bi ayarin Kiristocin nan masu tsananin riƙo da addini, 'yan Puritan, zuwa Massachusetts. A Boston ya buɗe shago yana sayar da kayan da jiragen ruwa ke kawowa daga Ingila. Garin sabo ne, baƙi na ta kwararowa, kaya kuma ba sa isa, don haka farashi ya yi ta hawa.

A 1639 aka gurfanar da shi gaban babbar majalisar yankin, wadda ita ce kotu a lokaci guda. An zarge shi da cin ribar da ta wuce sisi a kowane sule. Kayan da aka yi ta cece-kuce a kansu ba wasu na a zo a gani ba ne: ƙusoshi, linzami, maɓallan zinariya. Aka ci shi tarar fam 200, daga baya aka rage ta zuwa 80. Coci ma ta kira shi, ya tsaya gaban jama'a yana hawaye, aka yi masa gargaɗi, da kyar ya tsira daga kora. Babban malamin garin, John Cotton, ya yi wa'azi a kan lamarin, ya ce ɓata ce ɗan kasuwa ya ɗauka cewa yana da ikon saye da arha iyakar iyawarsa ya sayar da tsada iyakar iyawarsa, ko ya ɗora wa masu saye asarar da ya yi a teku. Gwamna John Winthrop ya rubuta wannan a kundinsa.

Keayne bai taɓa haɗiye abin ba. A wasiyyar ya koma kan maganar ƙusoshin dalla-dalla: mai saye ya karɓi ƙanana bashi, ya dawo ya musanya su da manya, shi kuma ya gyara farashin a littafin bashinsa, sai aka ɗauki gyaran a matsayin cuta. Ya lissafa littattafan cinikinsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce duk mai shakka ya buɗe ya gani ko ya taɓa zaman banza. Mai karatu zai ga mutumin da ya yarda da dokokin addinin da aka hukunta shi da su ɗari bisa ɗari, abin da ya ƙi yarda da shi kawai shi ne cewa ya karya su. A ganina, wannan ne ya sa takardar ta fi ƙarfin a kira ta ƙorafin tsoho mai riƙo.

Akwai kuma rigimar alade. Wata mata, matar wani Sherman, ta ce Keayne ya yanka aladiyarta da ta ɓace. Ya yi nasara a kotu har aka ba shi diyyar ɓata suna, amma da shari'ar ta kai majalisa a 1642 sai kai ya rabu: yawancin manyan alƙalai suna bayansa, yawancin wakilan garuruwa suna bayan matar. Taƙaddamar wa ke da ikon hawa kujerar na-ƙi ta taimaka wajen raba majalisar gida biyu a 1644.

Ba wasiyyar ce kaɗai ta rage ba. Keayne mutum ne mai shiga coci da alƙalami. Tun yana Landan yake rubuta wa'azin da ya saurara, ya ci gaba a Boston, kuma wasu daga cikin littattafan suna ajiye a ƙungiyar tarihi ta Massachusetts. A ciki har da zaman da coci ta yi kan Ann Hibbins, wadda aka kora bayan rigimarta da kafintoci kan kuɗin aiki, aka kuma rataye ta a 1656 bisa zargin maita. Wato mutumin da aka tsayar kan tsadar kaya shi ne ya zauna yana rubuta yadda aka tuhumi matar da ta ce an yi mata tsada.

Ya rasu a 1656. Ya bar fam 300 don a gina wa gari kasuwa da zauren taro, aka haɗa da gudummawar jama'a aka gina, gobara ta cinye ginin a 1711, aka sake wani a wurin a 1713. Wasiyyar kuwa ta daɗe a cikin takardun kotu kafin hukumar adana bayanan Boston ta buga ta a 1886. Masanin tarihi Bernard Bailyn na jami'ar Harvard ya sake fito da ita a shekarun 1960, ya gyara rubutun yadda mai karatun yau zai iya bi. Tun daga nan masu nazari ke ja-in-ja a kanta: wasu na ganin shaida ce cewa addinin Puritan ya taka wa kasuwanci birki, wasu kuma na nuna cewa irin lissafin ƙwaƙƙwafin da Keayne ke yi wa kowane kwabo daga tarbiyyar addinin nan ya samo shi.